Elmina: Garin Da Ganuwarsa Ta Ci Shi

Gabatarwa

Idan aka ambaci ganuwa, abin da kan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne katangar ƙasa mai kauri wadda ta kewaye birni, kamar ta Kano ko Zariya ko Katsina, wadda mutanen gari suka gina da guminsu domin kare rayukansu da dukiyarsu daga mahara. A irin wannan tsari, gari yana ciki, abokin gaba yana waje. To, amma a gaɓar tekun ƙasar Ghana akwai wata irin ganuwa da ta saɓa wa wannan tsari. Baƙi ne suka gina ta, su ne a cikinta, gari kuwa yana zaune a gindinta, bakunan igwa na kallon teku ta ɓangare guda, suna kuma kallon gidajen jama'a ta ɗaya ɓangaren.

Wannan maƙala za ta zagaya da mai karatu garin Elmina, wanda ke yammacin Ankara, babban birnin Ghana, da tazarar kimanin kilomita 150. Za a dubi yadda aka kafa sansaninsa, da hannuwan da ya ratsa, da abin da mai ziyara zai tarar a cikinsa da kewayensa a yau. Haka kuma za a yi ƙoƙarin nuna inda sawun Bahaushe ya fito a cikin wannan tarihi, domin ya fito, kuma ba a wuri ɗaya ba.

Zinariya Ce Ta Yi Kira

Tun kafin zuwan Turawa akwai ƙauyen masunta da masu dafa gishiri a wani siririn tsiri na dutse, tsakanin teku da tafkin Benya. Mutanen wurin suna kiran garinsu Edina, kuma har gobe da wannan suna suke kiransa. Zinariyar da ake haƙowa a dazuzzukan ƙasar Akan a wancan zamani arewa take nufa. Fataken Wangarawa ke ɗaukarta su bi ta Begho zuwa Jenne da Tambutu, daga nan raƙuma su ratsa Sahara da ita zuwa Maroko, kafin ta kai Turai bayan ta bi ta hannuwa da yawa, kowane hannu da ribarsa. Burin Turawan Fotugal shi ne su kewaye waɗannan dillalai su isa tushen zinariyar ta hanyar ruwa. A shekarar 1471 jiragensu suka iso wannan gaɓa, suka tarar ana sayar da garin zinariya a bakin ruwa, sai suka sa wa yankin suna Mina, wato mahaƙa. Daga nan sunan Elmina ya samo asali.

A watan Janairu na shekarar 1482, Sarki João na Biyu ya turo wani jarumi mai suna Diogo de Azambuja da mutane kimanin 600, daga cikinsu akwai magina da masassaƙa ɗari, tare da duwatsun da aka riga aka sassaƙe tun daga Fotugal. Sarkin garin, wanda marubutan Fotugal suka rubuta sunansa Caramansa, masana kuwa suke ganin Kwamena Ansa ne, bai yi na'am da maganar gini nan take ba. Ya nuna ya fi son baƙin su riƙa zuwa suna komawa kamar yadda suka saba, domin zumuncin nesa ya fi daɗewa. Da alkawura da kyaututtuka da kuma barazana aka shawo kansa. A ranar da aka fara aiki ma sai da aka yi artabu, saboda magina sun fasa wani dutse da mutanen gari ke girmamawa. Duk da haka gini ya tashi, aka sa masa suna São Jorge da Mina. Shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye har yau a Afirka kudu da Sahara.

Wani abin lura shi ne, a wannan zamani na farko, shigo da bayi ake yi Elmina maimakon fitar da su. Fataken Akan suna bukatar 'yan dako da masu aikin haƙa, don haka Turawan Fotugal sukan sayo bayi daga masarautar Binin da bakin kogunan kudancin Nijeriya ta yau, su kawo su Elmina su musanya da zinariya, tare da tufafi da tasoshin tagulla da duwatsun ado. Ke nan tun farkon fari, zinariya da ɗan'adam a kasuwa ɗaya aka baje su.

Daga Fotugal Zuwa Holan

Shekara 155 Turawan Fotugal suka yi suna riƙe da sansanin. Turawan Holan sun gwada ƙwace shi a shekarar 1596 da kuma 1625, amma suka sha kashi, musamman a karo na biyu, inda mayaƙan Elmina suka yi musu kwanton ɓauna suka kashe ɗaruruwa daga cikinsu. Wannan ya nuna cewa ƙarfin sansanin ya dogara ga mutanen gari fiye da kaurin katangarsa. A shekarar 1637 Holan ta sake dawowa da runduna daga Barazil, tare da taimakon wasu maƙwabtan Elmina. A wannan karo ba su tunkari ganuwar gaba da gaba ba. Sai suka kame wani tudu da ke tsallaken tafki, wanda ake kira St. Jago, suka ja igwa suka hau da ita, suka yi ta ruwan wuta daga sama. Cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen watan Agusta, gwamnan Fotugal ya miƙa wuya.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa rundunar ta taso daga Barazil shi ne, tun shekarar 1630 kamfanin Holan mai ciniki da yammacin duniya ya mamaye yankin Pernambuco mai gonakin rake, kuma rake ba ya zama sukari sai da hannuwa masu yawa. Daga wannan lokaci ɗakunan ajiyar kaya na ƙarƙashin sansanin suka soma komawa ɗakunan tsare mutane, har ya zamana a ƙarni na 18 cinikin bayi ya shafe na zinariya a duk faɗin gaɓar. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora wa jiragen bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu daga wannan gaɓa ta Ghana aka kwashe su.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Turawan da ke cikin sansanin ba su da yawa, zazzaɓi kuma yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba su da ikon kutsawa cikin daji su kamo kowa. Sarakuna da attajiran ƙasa ne ke kawo musu kamammun yaƙi, su karɓi bindiga da albarushi da barasa da tufafi. Bindigar da aka karɓa kuma ita ce za ta haifar da yaƙi na gaba. Bayan Asante ta karya Denkyira a shekarar 1701, ita ce ta zama babbar abokiyar cinikin Holan, har Holan na biyan Sarkin Asante wasu kuɗi a kai a kai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin Da Mai Ziyara Zai Gani A Ciki

Ana shiga sansanin ta wata 'yar gada da ke kan gwalalo mai zurfi da aka fafe cikin dutse. Da shiga sai babban tsakar gida, a tsakiyarsa kuma ga tsohuwar majami'ar Turawan Fotugal, wadda mutanen Holan suka mayar wurin ciniki, a yau kuwa ɗakin adana kayan tarihi ce. A gefe guda akwai wasu ƙananan ɗakuna biyu maƙwabtan juna. Ɗaya yana da kafofin shan iska, a nan ake horon sojan Turawa da ya yi laifi. Ɗayan kuwa an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a saman ƙofarsa, nan ake jefa bawan da ya yi tawaye, a bar shi ba ci ba sha har rai ya yi halinsa. Bango ɗaya ne tsakaninsu.

Sashen mata yana da nasa ɗan tsakar gida, a samansa kuma ga barandar gwamna, inda yakan tsaya ya duba ƙasa ya zaɓi wadda yake so a hau da ita. Ɗakunan tsarewar duhu ne da danshi, iska ba ta shiga sai ta ƙananan kafofi, kuma a nan mutane ke kwana da tashi da biyan bukatunsu na makonni ko watanni kafin jirgi ya iso. Daga nan wani lungu mai duhu ya miƙe zuwa wata siririyar ƙofa da ke kallon teku, wadda mutum ɗaya kawai ke iya ratsawa. Ita ake kira ƙofar da ba a dawowa. A yau ruwa ya ja baya, wanda ya leƙa ta cikinta rairayi zai gani da kwale-kwalen masunta.

Idan aka hau bene sai a tarar da wata duniya dabam: ɗakunan gwamna masu faɗi, tagogi na shigo da iskar teku, da majami'ar da mutanen Holan suka gina wa kansu. A wannan majami'a ne Jacobus Capitein ya yi limanci. Shi ɗan wannan gaɓa ne da aka sayar yana yaro, aka tafi da shi Holan, ya yi karatu a Jami'ar Leiden, inda a shekarar 1742 ya rubuta kundi yana kafa hujjar cewa bauta ba ta saɓa wa addinin Kirista ba. Ya dawo Elmina ya yi ƙoƙarin kafa makaranta, ya fassara wasu addu'o'i zuwa harshen Fante, ya rasu a shekarar 1747 yana da kimanin shekara 30, Turawa ba su ɗauke shi nasu ba, mutanen gari ma haka. A wani ɗaki na sama kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan Ingilishi sun kama shi a shekarar 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seshel, inda bai dawo gida ba sai a shekarar 1924.

Filin Da Babu Kowa

Mafi yawan masu ziyara sukan ratsa wani fili da ke yamma da ƙofar sansanin ba tare da sun tsaya ba, domin babu abin kallo a wurin. Alhali kuwa a nan ne ainihin garin Elmina ya zauna ɗaruruwan shekaru, da gidajen dutse masu benaye da lunguna da kasuwanni, da jama'ar da aka ƙiyasta ta kai dubu 15 zuwa 20.

Ga yadda abin ya faru. Bayan Holan ta haramta cinikin bayi a shekarar 1814, sansanin ya zame mata nauyi. A shekarar 1868 Fante, waɗanda ke gaba da Asante, suka yi wa Elmina ƙawanya saboda ƙawancenta da Kumasi. Daga ƙarshe Holan ta gaji, ta miƙa wa Ingila duk sansanoninta na gaɓar a ranar 6 ga Afrilu, 1872, bayan shekara 235, ba tare da an nemi yardar mutanen gari ba. Sarkin Asante Kofi Karikari ya ce Elmina tasa ce, hujjarsa kuwa ita ce kuɗin nan da Holan ke biya, wanda shi yake ɗauka haya ce. Sarkin Elmina Kobina Gyan ya ƙi yin mubaya'a ga Ingila, sai aka kama shi aka kai shi Saliyo. A ranar 13 ga Yuni, 1873, yayin da rundunar Asante ke dab da garin, Ingilishi suka bai wa unguwannin da ke goyon bayanta wa'adi su miƙa makamansu. Da wa'adi ya cika, igwar sansanin da ta jiragen ruwa suka buɗe wuta, garin ya ƙone ƙurmus. Ba a sake barin kowa ya yi gini a wurin ba, aka mayar da shi filin faretin soja. Sai a shekarun 1980 masu binciken tarihi ta hanyar tono, ƙarƙashin Christopher DeCorse, suka tono harsashin gidaje da tukwane da lofe da kwalabe daga ƙarƙashin filin. Garin da ya kare ganuwa a shekarar 1625, ganuwar ce ta ci shi a 1873.

Sawun Bahaushe

Dangantakar ƙasar Hausa da wannan yanki tsohuwa ce. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, kuma har ƙarshen ƙarni na 19 ayarin fatake na zuwa Salaga da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Amma Salaga kasuwar bayi ce kuma, daga cikinta ake gangarawa da mutanen arewa zuwa Kumasi, waɗanda Akan ke kira Odonko. Gaskiya ne cewa yawancin Hausawan da aka tsallaka teku da su ta Ikko da Porto Novo da Whydah suka fita, su ne aka ji ɗuriyarsu a tawayen bayi na Bahia a Barazil daga shekarar 1807. Duk da haka fataken da suka ci kasuwar Salaga ba za su ce ba su san abin da ake sayarwa a rumfar da ke kusa da ta goro ba.

Daga cikin waɗannan mutanen arewa ne Holan ta samu yawancin sojojin da ta ɗauka tsakanin shekarar 1831 da 1872, kimanin mutum 3,000, ta kai su yaƙi a tsibiran Indunusiya ta yau. A shekarar 1837 Janar Jan Verveer ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya don samar da su. Akan fanshi bawa, a sa masa kaki, a riƙa cire kuɗin fansar daga albashinsa. Waɗanda suka dawo da rai aka ba su matsuguni a wani tudu na Elmina da har yau ake kira Tudun Java.

Sawu na uku shi ne na soja. A shekarar 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, yawancinta bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, masu jin Hausa, ko da yake ba duka ne Hausawan asali ba. Ita ce tushen rundunar sojan Nijeriya. An kawo wasu daga cikinsu wannan gaɓa, kuma suna cikin dakarun da suka yi yaƙin Elmina na ranar 13 ga Yuni, suna kuma cikin yaƙin da ya kai ga ƙone Kumasi a shekarar 1874. Mutanen da suka tsere wa bauta, sai ga su riƙe da bindiga a ƙofar gidan bayi suna yi wa sabon ubangida aiki. Waɗannan sojoji da fataken da suka watsu bayan yaƙin basasar Salaga na shekarar 1892 suna daga cikin waɗanda suka raya zangunan kudancin Ghana, inda ake jin Hausa har yau.

Wuraren Da Ke Kewaye

Wanda ya fito daga sansanin ya kamata ya haye gadar Benya ya hau tudun St. Jago. A shekarun 1660 mutanen Holan suka gina ƙaramin sansanin Coenraadsburg a kansa, don kada wani ya yi musu abin da suka yi wa Fotugal. Daga can ake ganin komai a tafin hannu: farar ganuwa, da tafki cike da kwale-kwale masu launi da tutoci, da fakon gishiri. A cikin gari akwai maƙabartar Turawan Holan da aka buɗe a shekarar 1806, da gine-ginen posuban na ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya da ake kira asafo, masu ɗauke da mutum-mutumi da siffar jiragen ruwa. Masunta ba sa shiga teku ranar Talata, kuma a Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue na buɗe kamun kifi a tafkin.

Kimanin kilomita 12 gabas akwai Cape Coast, wanda Turawan Suwidin suka fara gina sansaninsa a shekarar 1653, Ingilishi suka ƙwace a 1664, ya zama hedikwatarsu har zuwa 1877 da aka koma Ankara. A can majami'a tana bisa kurkukun bayi maza kai tsaye. Shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya ziyarci wurin a shekarar 2009. A kan hanyar Kumasi kuma akwai Assin Manso, inda ake yi wa bayin da aka gangaro da su daga arewa wankan ƙarshe a rafi kafin a kai su kasuwar bakin teku. A shekarar 1998 aka dawo da ƙasusuwan wasu bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka shigo da su ta ƙofar da ba a dawowa ta Cape Coast, aka binne su a nan. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi yana iya ƙarasawa gandun dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya guda 7 a ƙololuwar itatuwa tun shekarar 1995, ya ga irin kurmin da fatake da bayi suka riƙa ratsawa da ƙafa.

Kammalawa

Shekara 475 ke tsakanin aza harsashin sansanin Elmina da samun 'yancin Ghana a shekarar 1957, kuma a 1979 hukumar UNESCO ta sa shi da sauran sansanonin gaɓar cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ghana ba ta rushe shi don fushi ba, ba ta kuma ɓoye ɗakunansa na ƙasa don kunya ba. A jikin bangonsa ɗalibai ke koyon abin da ya faru, jikokin waɗanda aka fitar kuma suna zuwa daga Amurka da tsibiran Karibiyan su yi kuka su yi addu'a.

Bahaushen da ya je Elmina zai tarar da kakanninsa a matsayi uku: falke, da bawa, da soja. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Abu ne mai sauƙi a tsaya a barandar gwamna a la'anci Bature, kuma ya cancanci la'anar. Abin da ya fi wuya shi ne a tambayi wane ne ya kamo, wane ne ya kora ayari, wane ne ya karɓi albarushi. Wannan tambaya tana jiran ɗalibanmu na Hausa da tarihi, kuma kayan amsa ta suna nan kusa: a Badagiri, da tsofaffin kasuwanninmu, da waƙoƙi da labaran fataken Gwanja, da bakin tsofaffin zango waɗanda ke raguwa kullum.